Littafin hutu yana kulle a akwatin Malam

Wannan saƙo ya zo mini daga wata baiwar Allah a wani ƙauye na ƙasar Gumel, Jihar Jigawa. Na taƙaita shi, na kuma cire sunaye.

"Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce mai 'ya'ya 5. 'Yar farina shekararta 13, ta gama aji 2 na ƙaramar sakandare. Da za a ba su dogon hutu, malamin Turancinsu ya ce kowa ya karanta wani littafin labari, in an koma ya rubuta abin da ya gane. Kuɗinsa ya fi ƙarfinmu, sai su 4 'yan unguwarmu suka yi karo-karo suka sayi guda ɗaya suna karɓa-karɓa. Labarin wata yarinya ce 'yar ƙauye, tun tana ƙarama har ta zama budurwa. Turancin yana ba ta wuya, wani lokaci sai in ga tana share hawaye a kan shafi ɗaya, ni kuma iyakacina firamare da Islamiyya. Amma ta nace. Ran nan ina tankaɗe sai ta ce mini, 'Inna, ke an tambaye ki kafin a yi miki aure?' Na rasa abin cewa, na daka mata tsawa. Ashe babansu yana bakin zaure ya ji. Ya karɓi littafin ya kai wa ɗan maƙwabcinmu da ya gama sakandare. Yaron ya buɗe tsakiya ya karanta, ya ce ai soyayya ce, har da wurin da yarinyar take yi wa ubanta musu. Malam ya kulle shi a akwatinsa, ya ce in ya ƙara ganin irinsa zai cire ta daga makarantar. Yau kwana 9 ke nan. Yarinya ta daina walwala, iyayen sauran yaran suna ta aike a ba su littafinsu, ni ina tsakiya. Na san inda makullin yake. In ɗauko mata a ɓoye, ko in haƙura in bar maganar?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka.

Ki bar makullin nan inda yake. Na fara da wannan ne saboda shi ne mai gaggawa. Duk ranar da Malam ya buɗe akwati ya tarar babu littafi, zance ya tashi daga na littafi ya koma na amana tsakanin miji da mata, kuma a kan yarinyar abin zai ƙare, don ya riga ya faɗi abin da zai yi. Ban da haka, za ki koya mata abin da ba ki yi niyya ba, wato in an hana ka abu ta ƙofa sai ka bi ta katanga. 'Yar shekara 13 ba ta manta irin wannan karatu. Maganar kuwa ba ta bari ba ce. Sai an yi ta, kuma cikin makon nan, domin hutun ba ya jiran kowa.

Kafin ki tunkari Malam, ki fara yi masa adalci a zuciyarki. Bai yi wauta ba. Duk wanda ya tashi a Kano ko Jigawa daga shekarun 1980 zuwa yau ya san littattafan soyayya, waɗanda malaman jami'a suka sa wa suna Adabin Kasuwar Kano, ya kuma san ce-ce-ku-cen da aka yi ta yi a kansu a masallatai da gidajen rediyo. Akwai masu kyau ƙwarai a cikinsu, da matan aure da yawa suka gyara karatunsu na boko da su a cikin ɗaka, akwai kuma na banza. Yanzu abin ya koma cikin waya, ana turo labarai shafi-shafi a WhatsApp, wasunsu ko babba ya karanta sai ya sunkuyar da kai. To ga mutum ba ya karanta Turanci, ya ji 'yarsa ta yi tambayar da bai taɓa jin yarinya ta yi wa uwarta ba, an kuma nuna masa inda ta samo ta. Abin da hannunsa ya kai ya kama. In kika shiga masa da fuskar cewa shi bai waye ba, kin rufe ƙofar da kanki.

Inda aka kuskure shi ne wurin ɗan maƙwabcin nan. Ba na ɗora masa mugun nufi. An miƙa masa littafi a tsaye, dattijo yana jiran amsa, ya buɗe inda hannunsa ya faɗa. Sai dai irin wannan littafi ba a yanke masa hukunci daga tsakiya. Na yi shekara sama da 20 ina koyar da Turanci da Hausa a ƙananan sakandare, kuma littafin da kika kwatanta irin wanda nake ce wa ɗalibaina labarin tasowa ne, inda marubuci yake ɗauko yaro ko yarinya tun da ƙuruciya ya bi shi har ya mallaki hankalin kansa. Gininsu kusan iri ɗaya ne. Ana fara nuna gida da iyaye da abin da yaro ya saba. Sai wani abu ya girgiza shi, ko mutuwa, ko tafiya, ko talauci, ko maganar aure. A tsakiyar ne yake tafka kurakuransa, ya yi gardama, ya bi abokin banza, ya ga kamar ya fi kowa sani. Can gaba duniya ta yi masa nata karatun, ya waiwayo ya dubi iyayensa da wani ido daban. Dole marubuci ya nuna musun, in ba haka ba fahimtar da za ta biyo baya ba ta da inda za ta tsaya. Wanda ya buɗe tsakiya ya rufe, kamar wanda ya leƙa tukunya ne an zuba kuka ba a kaɗa ba, ya fita yana cewa miyar gidan nan duk gudaji ce.

Kuma irin wannan labari ba jiya ya shigo mana ba. A 1933 hukumar da ke kula da fassara da talifi a Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafan da gasar ta haifar akwai Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin da ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko. Labarin yaro ne da aka sace yana ƙarami, aka ƙetare Sahara da shi, ya tashi a hannun wani Balarabe, ya yi karatu, ya dawo ƙasar Hausa yana babban malami, mahaifiyarsa kuma ta sha azabar duniya wajen nemansa. Ko Malam bai taɓa karanta shi ba, ya san mai littafin, ga hotonsa nan a jikin takardar naira 5.

Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da zuciyarsa. Allah ya tsare ni da haɗa rubutun ɗan Adam da Alƙur'ani, babu haɗi. Amma Malam ya san Suratu Yusuf, wadda Allah da kansa ya kira mafi kyawun labari. Ta fara da yaro yana gaya wa mahaifinsa mafarkin da ya yi, ta bi shi cikin rijiya, zuwa hannun ayarin da suka sayar da shi, zuwa gidan Azizu inda matar gida ta kulle ƙofofi ta neme shi, zuwa kurkuku, har ya zama mai riƙe da taskokin Masar. Ba a ɓoye mana wurin kulle ƙofofin ba. Ana karanta shi a tafsirin azumi, manya da yara suna zaune, domin a nan ne aka ga tsarkin Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Abin da nake so ki ɗauka a nan kaɗan ne. A ambaci jarrabawa cikin labari daban, a koyar da ɓarna daban, kuma sai an bi labari zuwa inda ya sauke mai karatu ake gane wanne ne. In za ki kawo wannan misali ki kawo shi da ladabi, cikin sigar tambaya, ki bar shi ya ƙarasa da bakinsa.

Bari in ba ki labarin wani uba. Lokacin ina koyarwa a wata makarantar ƙauye a ƙasar Kano, ana tsakiyar hutun damina, sai aka yi sallama a ƙofar gidanmu bayan azahar. Wani dattijo ne a kan keke, ƙafar wandonsa duk taɓo, daga gona ya taso. Ya kwance wata baƙar leda daga bayan keken, ya zaro littafin da na ba 'yan ajina, ya riƙe shi da yatsu biyu kamar mai ɗauke da ƙazanta. Ya naɗe kunnen wani shafi mai zane, yaro a tashar mota da sigari a baki. Ya ce, "Malama, wannan kika ba ɗana?" Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, maigidana ya zauna tare da mu. Na ce, "Baba, ka ba ni dama in ba ka labarin da Hausa tun daga farko. In na gama ka ce a ƙona, ni zan ƙyasta ashanar." Na fara. Da fari kansa na ƙasa yana jan carbi, ko kallona ba ya yi. Da na kai inda yaron ya kwana a tasha da yunwa har ya sayar da takalminsa, sai na ga carbin ya tsaya. Aka kira la'asar ban ƙare ba, na ce sai wani lokaci. Ya miƙe, ya kama kekensa, har ya ɗora ƙafa, sai ya juyo ya ce, "To, yaron ya koma wurin uwarsa kuwa?" Na ce, "Ɗanka zai gaya maka, Baba, ya kusa kai wa wurin." Ya mayar da littafin cikin leda, amma a aljihun rigarsa ya sa shi.

Ba kullum ake wanyewa haka ba, gara in faɗa miki. Na taɓa janye wani littafi da kaina bayan wata uwa ta kawo ƙara. Na sake karanta shi ina tuna 'ya'yan cikina, na ga ta fi ni gaskiya, akwai shafukan da sun yi wa 'yan aji 2 girma. Ba duk abin da aka ce a saya a makaranta ne aka tace shi ba. Iyaye suna da haƙƙin sanin abin da ake zuba wa 'ya'yansu a ka, kuma rashin Turanci bai soke wannan haƙƙi ba. Shi ya sa shawarar da zan ba ki ta tsaya a kan abu guda, wato a fito da labarin daga Turanci a shimfiɗa shi a tsakar gida da Hausa, kowa ya ji da kunnensa.

Ki nemi lokacin da ya dace. Ban da sa'ad da ya shigo daga maimai a gajiye, ban da gaban yara, ban da gaban abokiyar zama in kina da ita. Bayan isha'i, ya ci ya ƙoshi. Kada ki fara da yarinyar, ki fara da haƙƙin mutane: "Malam, littafin nan da ka adana, kashi ɗaya ne namu cikin 4. Mutane suna ta aike, nauyinsu nake ji." Wannan gaskiya ce tsagwaronta, kuma mutumin kirki ba ya son haƙƙin wani ya kwana a akwatinsa. Ta nan zai sami hanyar buɗe akwatin ba tare da ya ji an kayar da shi ba. Sannan ki ɗora: "Ni ma hankalina bai kwanta ba, tunda ban san abin da ke ciki ba. Me zai hana ta riƙa karantawa a nan tsakar gida, da daddare ta ba mu labarin da Hausa, kana ji ina ji? Duk inda ka ji abin da bai yi maka ba, sai ka tsayar." Ki bar linzamin a hannunsa. In ya ga dama littafin ya riƙa kwana a akwatin, a fito da shi da rana.

Zai iya cewa ai yarinyar za ta tsallake wurin da ba ta so a ji. To a nan malamin Turancin zai shigo. Shi ya ba da littafin, shi ya kamata ya tsaya a bayansa. A aika masa, ko ta hannun shugaban makarantar, ya zo ya sami Malam a zaure ya ba shi labarin daga farko har ƙarshe, ya kuma faɗi dalilin zaɓensa. Minti 15 sun isa. Malamin da ya san abin da yake yi ba zai ƙi ba. In Malam ya ƙi sauraren ki ke kaɗai, ki bi ta wanda yake jin nauyinsa, yayansa, ko limamin unguwa, ko wani dattijo cikin ƙungiyar iyaye da malamai wanda shi ma 'yarsa take makarantar. Ki tuna abin da kike karewa ya fi littafi. Aji 3 za ta shiga, shekarar jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, kyauta ne kuma wajibi ne ga kowane yaro. Ki san da wannan a ranki, amma kada ki ɗaga masa doka a ɗaki, ba ta buɗe irin wannan ƙofa.

In Allah ya sa akwati ya buɗu, ga yadda za a yi karatun. Littattafan ajinsu ba su cika wuce shafi 120 ba, saboda haka in saura kwana 30 a koma, shafi 4 a rana ya kai ta. Karɓa-karɓar nan ku bar ta, don kowacce ko kwana 2 cikakku ba ta samu a mako, kafin zagaye ya dawo ta manta inda aka tsaya. Su huɗun su riƙa haɗuwa a tsakar gidanki, bayan an kai abinci gona an dawo, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da aiki ya ɗan lafa kuma akwai haske, ba a bukatar tocila. Ɗaya ta karanta sakin layi a bayyane, ta kusa da ita ta faɗi abin da ta gane, littafi ya zaga. Wadda take da talla a duba mata, ko a matsar da lokacin. A riƙa naɗe shi cikin leda, marka ba ta san littafin karo-karo ba.

Hawayen da kike gani na san su, na gan su a aji ba adadi. Yarinya tana tsayawa a kan kowace kalmar da ba ta sani ba kamar ta ci karo da bango, kafin ta kai ƙarshen jimla farkonta ya gudu, sai ta yanke wa kanta hukuncin cewa ita daƙiƙiya ce. Ki gaya mata Malama ta ce ta karanta shafi har ƙasa ba tsayawa, ko rabi ta gane, sannan ta tambayi kanta, wa ke nan, ina suke, me ya faru. A karatu na biyu ta tsinci kalmomi kada su wuce 5, musamman waɗanda suke ta dawowa, ta rubuta a ƙaramin littafin rubutu. Sauran ta bar su, labarin da kansa zai bayyana mata su a gaba. Ɗan maƙwabcin nan ma ga inda zai yi amfani. Ba sai ya zauna da 'yan mata ba, a aiki ƙaninta da takardar kalmomin sau 2 a mako ya rubuto ma'anarsu. In akwai mai zuwa Kano kuma da hali, a sayo musu ƙaramin ƙamus na Turanci da Hausa wurin masu littattafai a Sabon Gari, zai yi musu aiki har su gama sakandare.

Kada wani ya ce miki mayar da labarin Hausa zai kashe mata Turanci. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji. Aka koyar da wasu yara darussan firamare na shekara 6 cif da Yarabanci, Turanci yana darasi guda, aka gwada su da waɗanda aka juya wa harshe zuwa Turanci tun tsakiyar firamare. 'Yan Yarabancin ba su gaza ba ko a Turancin, a wasu darussan ma sun sha gaba. Abin da na gani da idona a aji ma haka yake. Yaron da zai iya ba ka labari da harshen uwarsa ya gane shi, wanda kuwa ya haddace jimlolin Turanci yana zubowa, ka ce ya faɗa da Hausa ya yi zuru, bai gane komai ba.

Ke kuma aikinki a nan babba ne, kuma kin riga kin iya shi, tunda kin tashi kina jin tatsuniya. In ta zauna ba da labari ki riƙa tsoma baki. Sai me ya faru? Me ya sa ta yi haka? Uwar ta kyauta kuwa? In ke ce ya za ki yi? Waɗannan su ne tambayoyin da malami zai yi musu a kan jigo da halayen mutanen labari, sai dai shi da Turanci zai yi. In ta gama, kafin ta kwanta ko da safe, ta rubuta layi 3 da Turanci a kan abin da ya faru a shafukan ranar. Ranar komawa makaranta aikin da aka ba ta yana nan a rubuce, sai dai ta kwafe shi da kyau.

Yanzu tambayar da ta yi miki, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin saƙonki gaba ɗaya.

'Yar'uwa, littafin bai dasa mata wannan tambaya ba, a cikinta ya same ta. Shekararta 13. Ta ga wasu da suka yi firamare tare ba su shigo sakandare ba. Ta ga ana shiga da kayan sa-rana gidajen maƙwabta. Jikinta ya fara canzawa, ta kuma san kaka na tafe, da an ɗaure dammunan gero aka kai rumbu za a fara buɗa a unguwa. Da ta ce ke an tambaye ki, abin da take nufi shi ne, ni za a tambaye ni? Yarinyar cikin littafi ta ara mata baki ne kawai, domin ya fi sauƙi ka yi zancen wani da ka yi naka. Ki duba kuma wurin da ta kai tambayar. Ba ƙawa ta kai wa ba, ba wani saurayi a bakin famfo ba, ke ta kawo wa kina tankaɗe. Uwaye da yawa suna rubuto mini suna kuka 'ya'yansu ba sa gaya musu komai. Taki ta buɗe baki. In aka rufe shi da tsawa sau ɗaya, sau biyu, na uku ba za ki ji ba, tambayar kuma ba ta mutu ba, wani wuri za ta nufa.

Ban ga laifinki a tsawar ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba kya kamawa, haka aka tarbiyyantar da mu, kuma alkunya abu ne mai kyau da ba na so mu rasa. Akwai zantukan da za ki iya miƙa wa ƙanwarki ko gwaggonta ko kakarta, kamar yadda iyayenmu suka yi. Amma wannan guda ɗaya ke aka yi wa, ke ya kamata ki amsa. Ba sai kun zauna ido cikin ido ba. Ki bari kuna tsinkar zogale ko kuna gyaran rama, hannu na aiki, ido na kan faifai, ki ce, "Tambayar nan da kika yi mini ran nan, ban ji daɗin tsawar da na yi miki ba." Sannan ki faɗa mata gaskiya daidai kunnenta. In an tambaye ki, ki ce an tambaye ki, ki gaya mata yadda aka yi. In ba a tambaye ki ba, ki ce a lokacinku ba a cika tambaya ba, kin bi iyayenki, Allah ya ba ki su. Kada ki zagi kakanninta, kada ki ɓata ubanta, kada kuma ki ce mata duk zuma ce in ba zuma ba ce, yara suna gane ƙarya fiye da yadda muke zato. Kada ki yi mata alkawarin abin da ba a hannunki yake ba. Wanda yake hannunki shi ne ki ce, "Duk ranar da maganarki ta taso ba zan ɓoye miki ba, kuma abin da ke ranki zan kai shi inda ya kamata." Wannan kaɗai zai sauke mata kaya mai nauyi.

Tambayar tata ma ba ta fita daga addini ba. Yana cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ana neman izinin budurwa kafin a aurar da ita. Nana A'isha kuma ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Ke da kika yi Islamiyya kin san Ahalari da ake biya wa yara yana da faslin haila da nifasi, malamanmu na da ba su tsallake shi ba. Tunda littafin ya bi yarinya har ta zama budurwa, mai yiwuwa ne a ci karo da zancen jinin al'ada. In aka zo wurin, wannan ba na gaban Malam ba ne, ki ja ta ɗaka. Ki tabbata ta san abin da zai zo mata, da yadda za ta tsaftace kanta, da hukuncin sallarta da azuminta. Na taɓa tarar da wata ɗaliba ita kaɗai a aji bayan an tashi, ta ɗaure hijabinta a ƙugu, jikinta na rawa, ta ƙi tashi daga benci tun safe. Ta zaci ciwo ne zai kashe ta. Babu wanda ya taɓa gaya mata, kuma uwarta tana nan da rai, mutuniyar kirki, kunya ce kawai ta riƙe mata baki.

In kuwa duk an bi waɗannan hanyoyi Malam ya ce shi dai a'a, to a mayar wa sauran yaran littafinsu, don haƙƙinsu ne. Sai a roƙi malamin ya ba 'yarki wani littafin da Malam ya ji labarinsa ya amince, a kuma sanar da shi halin da ake ciki tun kafin a koma, kada a tsayar da ita gaban aji a kan abin da ba laifinta ba. Rasa littafi ɗaya ana mayar da shi, amma in aka cire ta daga makaranta a aji 3 mayar da ita sai an sha wuya, saboda haka kada ki ja zancen har ya kai can.

Yau da daddare, tun kafin ki yi magana da Malam, ki kira ta gefe ki gaya mata kina kan maganar. Ki ce ta saki fuska, ta gaishe da babanta, ta kai masa ruwan alwala kamar yadda ta saba, don fushinta ƙara masa tabbaci yake yi cewa littafin ya ɓata ta. Kwana 9 ke nan tana zaton kin bi bayan masu ganin ta yi laifi.